Lissafi a Bayan Takardar Kuɗin Wuta

Kowa ya kwanta a gidanmu na Juli,
sai ni da fitila da biro mai gardama.
Tafkin Titikaka yana can gangare, baƙi ƙirin,
yana lasar gindin kwale-kwalen Baba.
Na kifa takardar kuɗin wuta,
na ja layi a tsakiyar bayanta.

Hagu, Juliyaka.
Awa biyu da ɗoriya a mota.
Kwalejin fasaha ce ƙarama, injunanta sun girme ni,
an ce mutum goma ke layi a kan na'urar walda guda.
Amma Goggo Hilariya tana can da ɗaki a bayan shago,
haya ba ko sisi,
sai wanke-wanke, da rainon tagwaye,
da labarin mijinta da ya tsere,
kowane dare, tun daga farko.

Dama, Arekipa.
Wuni guda a hanya, kunne na toshewa a gangara.
Can ake koyon gyaran motocin haƙar ma'adinai,
masu tayar da ta fi ƙofar cocinmu tsawo.
A takardar tallarsu akwai wata mai hular kwano
tana murmushi kamar ba ta taɓa biyan haya ba.
Kuɗin makaranta, sol ɗari shida a wata.
Ɗaki, ɗari uku, in na yarda da mai minshari.
Abinci na rubuta ɗari biyu,
na soke, don cikina ya san ƙarya nake.
Ga takalmi mai ƙarfe a baki, shi ma daga aljihuna.

Na tara. Na sake tarawa.
Lissafi ba shi da kara,
abin da ya faɗa ɗazu shi ya maimaita.
Sai na fassara shi zuwa yaren da gidanmu ke ji:
kifi kilo tamanin da wani abu, duk wata,
shekara uku cur,
ko tafki ya bayar ko ya hana.

Malam Tikona ya ce akwai tallafi,
jarrabawa ɗaya, gurbi ɗaya, mu arba'in.
"In kin ci," in ji shi.
Wane mai gida ne ke karɓar "in" a ƙarshen wata?

Inna ta ce za ta sayar da saniya.
Tana ɓarar wake ta faɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba,
kamar zancen hadari take.
Saniyar da nake jin numfashinta ta bango yanzu haka.

Wilber tuni ya auna gadona da taƙi,
ya ce zai ishe shi har da kare.

Kaka kuwa da Aimara ta tambaye ni:
"Akwai tafki a can?"
Na ce babu, sai wani dutse mai aman wuta.
Ta daɗe tana murza ulu a cinya,
sannan ta ce, "To ina suke kallo in ransu ya ɓaci?"

Baba bai ce je ki ba, bai ce zauna ba.
Tun ina shekara sha biyu ni ke buɗe cikin injinsa,
ni na san ba ya son a matsa masa da sanyin asuba,
sai an goge filogi, an hura sau uku, an lallaɓa.
Shi ya sa nake son tafiya.
Shi ya sa ƙafata ta yi nauyi.

Juma'a za a rufe karɓar takardu.
Na cike duka biyun, Nelida Apaza, Nelida Apaza,
har sunan ya fara yi mini kama da na wata.

Ga gari ya soma fari.
Daga bakin ruwa ina jin Baba yana jan igiya,
ɗaya, biyu, tari, shiru.
Huɗu. Biyar.
Na ninke lissafin na cusa a aljihu,
na ɗauki sifana mai lamba goma,
na gangara.