Ta Hagu

A Osaka, hawa na uku, saman shagon taliya,
na dire wa Hayasaka tagwayen lasifikata.
Ta dama lafiya lau.
Ta hagu, da ganga ta buga, sai tari
kamar tsohuwa a damina.

Ya kwance kusoshi shida, ya jera a murfin gwangwani.
Soson da ya zagaye bakinta ya ruɓe,
farce ya taɓa, ya zube kamar toka.
Ya shinshina wayar tagulla.
"Ƙona ta kika yi," ya ce,
"cikin dare, ke kaɗai, ko?"
Na dubi silin.

Kamfanin ya mutu tun ina firamare.
Mako bakwai muna cigiya.
Wani a Sendai ya aiko wadda ta fi ramin faɗi.
Sai wata mata a Kobe,
mijinta ya rasu ya bar situdiyo a kulle,
ta naɗo mana tasa cikin rigar sanyinsa.

Gam, dalma, kwana biyu na haƙuri.

Yau na zauna tsakaninsu, na rufe ido.
Muryar mawaƙiyar ta dawo tsakiya,
sai dai ta ɗan karkata hagu,
wajen mamacin.