Sandar Kawu Jatau

Shekara goma sha tara ya yi a Ikko
yana sauke buhuna daga cikin jirgin ruwa.
Abin da ya dawo da shi Kaduna:
ciwon baya, akwatin ƙarfe guda,
da sandar fatsa mai tsawon mutum biyu
wadda direba ya rantse sai an biya mata kuɗin kujera.

Ran Lahadi bayan la'asar
ni ke riƙe masa gwangwanin tana.
Mu gangara ta Kabala, mu ratsa gonakin alayyafo,
mu nemi dutsen da ya saba da shi.
Kafin ya jefa ƙugiya
sai ya tsoma yatsa a kogi, ya kai baki.
"Lami," in ji shi. Kullum lami.
Kamar yana sa ran wata rana ruwan zai canja shawara.

Masu koma na dariya daga kwale-kwale:
"Kawu, kada za ka kamo, ko jirgin ƙasa?"
Bai taɓa tanka musu ba.
Ni yake ba labari, idonsa na kan igiya.

Wai can akwai gadar katako da ba ta ƙetare komai,
ta shiga teku, ta yi tafiya, ta tsaya.
A ƙarshenta suke zama shi da Lasisi,
ƙafafu na lilo, jatan lande a leda,
ruwa ya tafi da safe, ya komo da yamma
kamar mai aikin albashi.
Wai iskar wurin tana cin ƙusa.
Wai in ka lashi leɓenka ka yi rabin miya.

Sai ya buɗe tafin hannunsa na dama:
farin layi daga ɗan ali zuwa babban yatsa.
"Wannan ya tafi da igiya kamu arba'in.
Ban ga fuskarsa ba.
Lasisi ya ce ya gani, amma Lasisi maƙaryaci ne,
Allah Ya jiƙansa."

Sandar nan ba ta san kogi ba.
Ƙaramar karfasa ta ci tana ta ƙoshi, ta wuce,
ko motsi bakinta bai yi ba.
Ranar sa'a mu sami tarwaɗa biyu,
Inna Lantana ta soya,
ya barbaɗa gishiri, ya ɗanɗana, ya ƙara,
ta ce likita fa ya hana.

Ni iyakar tafiyata Kafanchan.
Amma bara, da ya kwanta jinya,
na ɗauko sandar daga bayan ƙofa zan share ta,
na ga wani fari-fari ya daskare a lungun marikinta.
Na duba hagu da dama.
Na kai harshe.

Tsatsa ce, galibi.
Sai can ƙasa-ƙasa,
wani abu da kogin nan bai taɓa ba ni ba.