Garanti

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a dutse,
Eulalia ta gangaro da kwamfutocin cinya biyu a jakar cefane,
tawul a tsakaninsu.

Ta farko siririya, launin azurfa,
ɗanta ya aiko daga Santiago
da takarda mai hatimi: garanti, shekara biyu.
Wata goma sha ɗaya fuskarta ta mutu.
Ta kira lambar, kiɗa ya amsa,
minti arba'in ana kiɗa,
sannan murya mai ladabi:
"Gishirin iskar teku ba ya cikin alkawari, ranki ya daɗe."

Ta biyu baƙa, kauri kamar bulo,
ta marigayi mijinta.
Harafin R ya goge, kusurwa ɗaure da salatif.
Ta sha shayi sau biyu,
ta faɗo daga tebur ranar girgizar ƙasa,
har yau ita ke lissafin kifin masunta goma sha bakwai.
Fankarta ce kawai ke tari.

Baltasar mai gyara ya kwance baƙar,
kusa huɗu, ya hure ƙura.
Azurfar kuwa an liƙe ta da gam,
ba ƙofa, ba taga.

"Wacce zan saya wa jikata?"
Bai kama suna ba.
Ya nuna kantar bayansa,
gawawwaki jere har rufi, kowace da tambarinta.
"Nemi wadda babu a nan.
In kin rasa, sayi wadda zan iya buɗewa."

Ta biya kuɗin fanka.
Azurfar ta bar masa, har takardar.
Ya ɗora kofinsa a kai.