Injin Bai San Yatsana Ba

Bakwai da rabi, ƙofar buro.
Na ɗora babban yatsa a kan jan gilashin nan,
ya yi ƙara sau biyu, ya ƙi.
Shekara goma sha ɗaya nake shiga ta ƙofar nan,
maigadi yana gane tarina tun daga kwana,
amma injin da aka kawo daga Yamai watan jiya
ya ce bai taɓa ganina ba.
Lallen sunan ɗan ƙanwata ne, na ce masa.
Ba ya jin Hausa.
A takardar ƙarshen wata za a rubuta: Cima ta makara.

Kuran ya tafi tun asuba.
Fanka ta tsaya da hannuwa a buɗe kamar wadda aka tsare da tambaya.
Ordinata ta mutu da lissafin Mirriya a cikinta,
layi ɗari uku, ban adana ba.
Shef Harisu ya leƙo: “Yamai na jira.”
Yamai kullum tana jira.
Ban san fuskarta ba, saƙonta kawai na sani.

Ilu, yaron da aka ɗauka bana,
ya ce wasu wurare daga gida ake aiki,
da silifa, da shayi a gefe.
Ya nemi a ƙirga masa awoyin da ya ƙara,
ya nemi a biya shi kuɗin kiredi.
Mun yi dariya har da tafi.
Da dare na kwanta ina lissafi a kan yatsun da aka ƙi:
jikka huɗu nake zuba wa waya duk wata
don in aika takardun da ba nawa ba.
Kuɗin ɗan garuwa ke nan na sati biyu.
Dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Babana masinja ne, da keke da jakar fata.
In ya murɗa makulli da la'asar
aiki ya kwana can, kamar akuya a turke.
Tawa akuyar ta tsinke igiya,
ta biyo ni har Garin Malam,
ta sa baki a tuwona,
tana kuka a ƙarƙashin matashi.

Goma na dare: “Kina nan?”
Ina zan je?
Layuka biyu sun yi shuɗi, sun tona ni,
ya ga na gani.
Barira na tsaye da littafin lissafinta,
na ce minti biyar.
Ta yi barci a kan shafin, biro a hannu.

Na hau dutsen bayan gida neman rezo,
waya a sama kamar mai duban jinjirin wata.
Da'ira tana juyawa, tana juyawa.
Sai na waiwaya:
can wajen Birni wani haske a kan wani dutse,
wani kuma ta Zango,
ƙanana, kowa da nasa.
Wataƙila ɗaya na Shef Harisu ne,
shi ma da wanda ya ga ya gani.

Ba babban abu nake nema ba.
A biya ni kafin mai shago ya daina gaishe ni.
In na ce ba lafiya, kada a ce in turo hoton magani.
A bar mini dare, ko rabinsa.

Saƙon ya tafi sha ɗaya saura.
Amsa ta zo: babban yatsa, rawaya, ba lalle.

Maigadi ya ce in yi haƙuri,
nan da sati biyu jan zai goge,
injin zai tuna da ni.
Na ce to.
Yau da magariba, da na dawo,
na jiƙa wani lallen a ƙwarya.