Keken Tabawa

Ran da suka ba ni takardar sallama
an yi jawabi a gindin dalbejiya,
an ba ni turmin shadda da agogon bango.
Agogo! Shekara talatin da biyar ina tsere da shi,
yau da ba ni da wurin zuwa
aka ce in kai shi gida, in rataye, in yi ta saurara.

Litinin ta farko na sa kaftani,
na soke jan biro a aljihu,
sai da na kai bakin zaure
na ji ƙarfen makaranta yana kiran wasu, ba ni ba.
Akuyar maƙwabta ta dube ni, ta ci gaba da tuƙa.
Na koma ciki, na rasa abin da zan fara.

Na gwada majalisar ƙofar masallaci:
kuɗin taki, ciwon gwiwa, wanda ya rasu a Harbo,
gobe kuma kuɗin taki.
Na gwada gona, bayana ya ce a'a.
Yini ya zame mini rigar aro,
hannu ya yi tsawo, gindi yana shara.

A ɗakin Tabawa, bayan buhunan gero,
kekenta na nan lulluɓe da tsohon zane,
damina huɗu ba wanda ya taka shi.
Na yaye. Ga allinta, ga almakashi,
ga rigar yaro da ba ta gama ba,
hannu ɗaya a haɗe, ɗayan yana jira.

Na zauna. Na taka. Ya yi baya.
Zare ya cukurkuɗe, na karya allura biyu.
Ni da na koya wa rabin garin nan haɗa baƙi
na kasa haɗa ƙyalle da ƙyalle.
Na aika a kira mini Uwale,
mai ɗinki a bakin kasuwar Aujara.

Uwale! Aji huɗu, layin baya, kusa da taga.
Sau nawa na zagaye mata lissafi da ja?
Ta zo da goyo, ta durƙusa ta gaishe ni,
ta ɗaga ɗinkina ga haske,
ta daɗe tana cizon leɓe.
"Malam," in ji ta, "a warware. A sake."
Kalmomina ne. Har muryata ta ara.

Yanzu da hantsi nakan jawo keken zuwa zaure.
Ƙafa ta gane abin da kai ya kasa.
Tabarau a karan hanci,
ina lasar bakin zare, ina lallashin kafar allura.

In an tashi, 'yan makaranta sukan biyo,
wannan wando ya yage a gwiwa,
waccan maɓalli ya faɗi a wajen wasa.
Ba na karɓar ko sisi,
sai dai ka faɗi bakwai sau takwas kafin in miƙa maka.
Fansho kuwa, in ya ga dama ya zo,
in ya ga dama ya makara.

Jiya na gama rigar nan.
Sagiru da aka yanka wa ita
yanzu ko kansa ba zai shiga ba.
Hannun da Tabawa ta ɗinka miƙe yake kamar an sa rula,
nawa ya karkace kamar burtalin shanu.
Uwale ta ce a warware.
Na ce, wannan karon a bar shi haka.
Ta sauke goyonta, muka zura masa,
ya ɗaga hannu biyu yana dariya,
ɗaya nata, ɗaya nawa.

Da dare na ɗaga kai in ga lokaci.
Ashe agogon bango ya tsaya tun watan jiya,
batir ya mutu,
ni kuwa ban ko lura.