Jinin Birki

Don Eleuterio ya gangaro daga tudun Playa Ancha
ƙafarsa a kan birki tun daga ƙofar gida,
kamar yadda ya saba shekara ashirin da shida
a Valparaíso, garin da titi ba ya miƙewa sai a bakin teku.
Gobe mai saye zai zo ganin tasin.
Yau wankan sallama ne.

"Kar ki taɓa tukuna," ya ce wa jikarsa Ximena.
"Kai bayan hannunki kusa da wilin, kada ki ɗora.
Kin ji huci? To, mu sha shayi."
Suka tura motar ƙarƙashin rumfar kwano
inda rana ba ta leƙe,
suka zauna har ƙarfe ya huce fushinsa.

Ruwa ne farko.
Tiyo ya kwashe yashi da gishirin iskar teku,
ya bar baƙin da ya fi ƙarfin ruwa,
wanda ya shige fenti kamar ƙaiƙayi a riga.

Ita ta karanta jikin kwalbar,
don idonsa ya ɓata da ƙananan baƙaƙe.
Safar roba. Tabarau. Iska ta kasance a bayanka.
A kori dabba. Suka kori Chispa, ta koma bakin ƙofa tana harara.
Ban da gorar ruwa tsirara, wadda ba ta da rufi.
A gwada a lungu kafin a yarda.
Ta ɗiga kaɗan inda ido ba ya zuwa,
suka jira, fenti bai ce uffan ba.

Sannan ta fesa, wili ɗaya tak.
Warin baragurbi ya tashi,
Doña Nélida ta maƙwabta ta buga tagarta.
Shiru.
Sai ga ɗigo, ja mai sirkin shuni,
ya ɓullo daga inda babu rauni,
wani ya bi shi, wani ya bi wani.

"Kaka, jini yake yi!"

"Birki ne, 'yar nan.
Duk tsayawar da na yi, sai ya ci kansa kaɗan
ya tofa garin ƙarfen a nan.
Wannan layin, yaron da ya biyo ƙwallo a kwana.
Wancan, hazon da ya haɗiye min titi wata safiya.
Sauran duk fasinjoji ne masu cewa a nan, a nan,
bayan an wuce ƙofarsu."

Tana so ya ci gaba.
Shi kuwa idonsa na kan agogo.
"Minti uku. Ɗauko buroshi mai laushi. Kar ya bushe.
Maganin nan baƙo ne,
in ya daɗe sai ya zama maigida."

Ta goga, ta sake masa ruwa,
ramin kusoshi, bayan ƙarfe, har kumfa ya ƙare.
Ya tare ruwan a daro,
don kwatar unguwar nan teku take kai wa,
kuma ƙaninsa masunci ne.

A wili na huɗu, na baya ta hagu,
ta tarar da farin tabo, faɗin tafin hannu.
Ta goga, ya ƙi.
"Bar shi. Wannan nawa ne.
Da tsakar rana na fesa, ƙarfe da zafi, ina gaggawa,
sai waya ta yi ƙara
aka ce an haife ki.
Sai da dare na tuna da kwalba da wili."

"Mai saye zai rage kuɗi."
"Ya rage."

Da yamma suka fita gwaji, a hankali,
don faifan birki ya yi jar tsatsa bayan wanka.
Ya taka, ya yi ƙara. Ya sake takawa, ya yi shiru.
Ƙasa can, jiragen ruwa sun kunna fitilu.
Ximena ta leƙa ta taga tana duban wilin gaba.
Ba ta ga komai ba tukuna.
Ya sake takawa a kwana.