Matakala Tamanin da Bakwai

Daga ƙofata zuwa titin ƙasa
matakala tamanin da bakwai ne.
Na san su kamar yadda harshe ya san haƙora.
Shekara arba'in ina sauka da asuba
in yi dakon buhuna a tashar jirgin ruwan Valparaíso.
Yau ƙugu ya ce ya gaji,
ya zaunar da ni bakin taga kamar tsohuwar kyanwa.

A kicin 'ya'yana biyu suna ta yi.

Nélida, mai jinya a asibitin gwamnati, ta ce:
"Lafiya ba tumatir ba ce
da za a kasa, mai kuɗi ya tsince jajayen.
Kowa ya zuba a tukunya ɗaya,
ya ɗiba ranar da jiki ya ƙi."

Ximena ta dangwarar da cokali.
Ita inshora take sayarwa a wani bene mai gilashi.
"Tukunyar kowa, shi ya sa ba mai wanke ta!
Wata goma sha huɗu Baba na kan layi.
Da a wajenmu ne, da tuni an yi masa aiki
har ya manta wace ƙafa ce."

"A wajenku? Kun duba shekarunsa, kun duba sukarinsa,
kuka ce ciwon ya riga takarda zuwa.
Ƙosassu kuke gayyata walima."

"Ku kuma ku tara gari guda,
ku raba musu lamba a madadin abinci."

Lambata ɗari uku da goma sha biyu.
Tana manne jikin firji, kusa da hoton mahaifiyarsu,
wadda ta cika a gadon gwamnati
hannunta cikin na wata ma'aikaciya da ba ta ci ba tun safe,
bayan mun sayar da kwalekwale mun ga likitan kuɗi,
wanda ya gaya mana gaskiya
da ladabi, da rasit.
To wa zan zaga?

Jibi ina da awo.
Ba gwamnati ce za ta sauko da ni ba,
ba kamfani ba.
Eleuterio mai gasa burodi ne zai goya ni,
yana haki, yana ƙirga matakalar,
gari a gashinsa, zufa a wuyansa.
Na ji gwiwarsa ta fara magana.
Bai gaya wa kowa ba.

Nélida, Ximena,
shayin nan ya huce.